Rumfar Ƙarfe a Motar Suruki

Duk wanda ya taɓa sayen hauya a Agiye ya san hannun Labo Maƙeri, ko da bai san fuskarsa ba. Maƙerarsa tana bakin kwalta, ƙarƙashin wani tsohon dogon yaro, kuma shekara talatin ke nan babu wanda ya isa ya ce masa ya matsa. An haife shi a wani ƙauye kusa da Gangara, a gidan da kakansa ya kafa lokacin da suka tsallako daga kudu da uwar maƙera a bayan jaki. A nan ya koyi ƙira, a nan ya auri Batulu, kafin fari ya koro su gari da 'yan kayansu.

Labo mutum ne mai zuciya, mai kuma taurin kai irin na wanda ya daɗe yana da gaskiya. Hauyarsa takan cinye ƙota uku kafin bakinta ya gaji. Da ya ga zuga-zugi yana ɓata masa lokaci, sai ya haɗa fanka da tayar keke yana juyawa da hannun hagu, maƙeran garin suka yi ta dariya wata guda, daga baya kowa ya yi irinta. Tun daga nan Labo ya daina jin shawara. In ka ce masa bakin lauje ya yi kauri, sai ya dube ka daga sama har ƙasa ya tambaye ka shekarar da ka fara ƙira. A wurinsa, duk abin da ba na ƙarfe ba ne, ba a gama yinsa ba.

Abu ɗaya ne gudumarsa ta kasa gyarawa. 'Yarsa Hasiya tana auren Isaka, mutumin wajen Gidan Rumji, direba mai sanyin hali wanda ya shekara bakwai yana ci-rani a Aljeriya. Sai ya yi shekara biyu bai leƙo gida ba, in ya zo ya yi wata guda ya koma. Labo bai taɓa ɗaga maganar ba, don ba a yin haka da suruki, amma gaskiya abin yana cin ransa. Duk ranar da ya ga Hasiya ta wuce da yara biyu ita kaɗai, sai ƙarfen da ke gabansa ya sha duka fiye da laifinsa.

To, sai wani furoje, wato shirin agaji mai gyaran famfunan ƙauyuka, ya buɗe buro, wato ofis, a Agiye, aka nemi direba, Isaka yana gida, aka ɗauke shi gwajin wata uku. Sharaɗin a fili yake. In ya yi daidai, aiki ya zama nasa, ya zauna da iyalinsa. In bai yi ba, hanyar arewa tana nan inda ya bar ta.

A motar akwai wata na'ura mai nuna hanya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, direbobi suna ce mata Jepe'es. A cikinta an zuba wurin kowane famfo da furojen ke kula da shi, daga ƙauyukan Agiye har bakin iyaka bayan Gazawa. Isaka ba ɗan gabas ba ne, bai san waɗannan hanyoyi ba, ga shi damina ce, gero ya tashi ya haɗiye kowace turba. Ba shi da ido sai na'urar. Ita kuwa an maƙala ta ne a gilashin gaba da wata 'yar roba mai tsotso, wadda ba a yi ta don ranar ƙasar nan ba. Da hantsi ya ɗaga sai robar ta saki, na'ura ta faɗo kan ƙafar direba. In ma ta zauna, hasken rana ya hana a ga komai a fuskarta.

Wata safiya Isaka ya tsaya gaida surukinsa. Ya cire takalmi nesa da maƙera, ya durƙusa, suna cikin gaisuwa sai ga na'ura ta faɗo tana lilo a jikin wayarta. Labo ya tashi ya leƙa motar, ya ɗauki robar da yatsu biyu kamar mataccen ƙadangare.

"Wannan abin wasan yara ne," in ji shi. "Ka kawo mani ita ran Asabar."

Kwana biyu ya yi a kan aikin, ya kori masu gyaran galma har da masu kawo wuƙaƙe. Ya yanko ƙarfe daga wani tsohon tano, wato gangar mai, ya buge shi ya yi sumul, ya yi wa na'urar ɗaki na sosai: bango a baya, bango a gefe biyu, rumfa a sama mai tsawon baki don kada rana ta taɓa ta. Ya yi mata ƙafa mai kama tablo, wato allon gaban direba, kamar haƙorin kada. Don gudun masu dogon hannu, ya sa na'urar ciki ya buga ƙusoshi huɗu ya lallasa kawunansu, ya bar 'yar kafa guda ta wayar caji. Ya shafa koren fenti, ya zana irin adon da yake yi wa takobin angwaye. A gaskiya abin ya yi kyau.

Isaka ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa.

"Madalla, Baba. Allah shi ƙara girma."

Isaka ya san matsalar tun a lokacin. A hamada ya koyi aiki da irin wannan na'ura, ya san da taurarin ɗan Adam da ke sama take magana, kuma in ƙarfe ya shiga tsakaninta da sama, ta kurmance. Amma yaya mijin 'ya zai dubi tsoho, a gaban maƙerarsa, a gaban masu jiran hauya, ya ce masa aikinsa ba shi da amfani? Bakinsa ba zai iya ɗaukar wannan ba. Cire na'urar kuwa sai an sare ƙusoshin, kuma motar kullum ta bakin maƙera take wucewa, inda Labo ke tsayar da ita ya kira direbobin taksi su zo su ga yadda ake aiki.

Haka Isaka ya shiga daji da kurmar na'ura. Wani lokaci ta farka ta nuna shi a tsakiyar gonar wani, wani lokaci ta tsaya cak tun daga bakin gari. Ya koma tambayar mutane, amma a damina ƙauye ba kowa, duk suna gona, wanda ka samu kuwa zai ce maka nan kusa ne, ka yi ta tafiya har azahar. Sau biyu ya kai masu gyara ƙauyen da famfonsa ke lafiya lau. Ranar da za su je bayan Gangara, sai la'asar suka isa, suka tarar mata sun gaji da jira sun koma tafki. Shugabar buron, Madam Zalika, mace mai kirki amma ba ta son a ɓata mata aiki, ta kira shi ta tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne. Sai ta ɗauka ƙarya ya yi da ya ce ya iya karanta na'urar, ta ce ranar Litinin za su zauna.

Ranar Asabar bayan azahar Batulu ta kawo wa Labo fura a maƙera, abin da ba ta saba yi da kanta ba. Ta ajiye ƙwarya, ta ƙi tafiya.

"Malam, mijin Hasiya za su sallame shi jibi."

"Mi ya yi?"

"Bai yi komi ba. Ɗakin nan da ka yi wa na'ura, shi ne. Wai sai tana ganin sama take aiki, ƙarhe kuwa ya tare ta."

"Wa ya hwaɗi haka?"

"Shi ya hwaɗa wa Hasiya, sai da ta yi mashi kuka. Ya ce kada ka ji. Ni kuma na ce sai ka ji."

Labo ya buɗe baki zai tambaye ta shekarar da ta fara ƙira, sai ya fasa. Batulu ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Ba ya yarda da magana sai ya gwada. Ya ɗauko 'yar rediyonsa da ke rataye a reshe, ya kunna, mai labarai yana ta zuba. Ya sa ta cikin sauran tanon, ya ɗora marfi, ya kara kunne. Muryar ta shaƙe ta koma shuuu. Ya fito da ita, mutumin ya ci gaba da maganarsa kamar ba abin da ya faru. Ya maimaita sau uku, don ko kuskure ne, Labo yana son ya tabbata nasa ne.

Ya zauna har furar ta tsinke. Kuskuren bai dame shi sosai ba, ƙarfe ya sha ba shi kunya a ɓoye. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne sati biyar da mutumin nan ya yi yana durƙusawa a gabansa kowace safiya, yana jin ana yabon abin da ke kashe masa aiki, yana cewa madalla. Labo ya ji kunya, ya kuma ji wani irin alfahari da surukin nasa wanda bai taɓa ji ba.

Ranar Litinin da hantsi ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zuba guduma da ƙarfen sara a buhu, ya taka har buron. Mai gadi ya so tsayar da shi, ya ga fuskar, ya matsa. A farfajiya ya tarar da Madam Zalika tsaye kusa da motar, masu gyaran famfo a gefe, Isaka yana riƙe da makulli zai miƙa. Da ya hango surukinsa sai ya zame takalmi ya durƙusa a kan tsakuwa.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Madam. "Lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Aikina na zo ɗauka."

Bai jira izini ba. Ya buɗe motar, ya kafa ƙarfen sara a kan ƙusa ta farko. Duka huɗu, ƙusa huɗu. Ya ɓare rumfar, ya zaro na'urar, ya ɗora ta a kan tablo tsirara, ya ce a kunna. Kowa ya matso yana kallo. Ba a yi minti biyu ba sai ga 'yar kibiya ta fito, ta zauna daidai kan Agiye, ba ta ƙara motsi ba.

Madam Zalika ta dafe goshi. Ita da ta yi karatu har Yamai, sau nawa ta wuce akwatin nan tana cewa ya yi kyau.

"Ni na yi shi," in ji Labo, da muryar da har masu shayi a waje suka ji. "Ni na ɓata. Na ɗauka inuwa take so kamar kowa. Direbanki ya iya aikinshi, ni ne ban iya nawa ba."

Ta juya wajen Isaka. "Kai ka san haka? Don mi ba ka hwaɗa mani ba?"

Isaka bai ɗago ba. Labo ne ya amsa.

"Ɗiyata ke gidanshi, Madam. Ta ina zai hwara? Ya gwammace a kore shi da ya kunyata tsoho a bainar jama'a. In irin wannan mutum ake kora, to ban san wanda za ki ba makullin ba."

Madam ta dubi Isaka. Ita ma tana da surukai, ta san nauyin abin. Ta ce wa Isaka ya tashi, akwai famfo biyu da ke jira a hanyar Gazawa, kuma daga yau in abu ya lalace a faɗa mata ko na wane ne. Sannan ta tambayi Labo, cikin ladabi, ko akwai dabarar da za a yi wa ranar, don har yanzu robar ba ta da amfani.

Akwai, amma ba a maƙera take ba. Labo ya bar ƙafar ƙarfen, don ita ba ta yi laifi ba, ya yi wa na'urar mazauni buɗaɗɗe da ɗaurin robar taya. Rumfar kuwa, sai da ya haɗiye girman kai ya roƙi Batulu ta saƙa da kaba, irin saƙar faifai. Ta ja masa rai kwana biyu kafin ta yarda. Yanzu motocin furoje da 'yan taksin Gazawa masu ɗora waya a tablo duk irinta suke nema, har daga Gidan Rumji ake aiko saƙo. In an yaba, Labo yakan ce ƙafar ce aikin, Batulu kuma ta bar shi ya faɗa.

Shi da Isaka ba su taɓa tada maganar ba, ko sau ɗaya. Gaisuwa ce dai kamar kullum, takalmi a nesa, kai a ƙasa.

Bayan shekara Hasiya ta haihu. Ranar suna, da sassafe, Labo ya wasa wuƙar yanka da kansa ya aika, sannan ya je ya zauna can baya cikin tsofaffi, inda ya dace da kakan wajen uwa. Daga nan yana hango ƙofar gida. Haihuwa ta uku ke nan a gidan, amma ranar ce ta farko da aka yi suna uban ɗa yana nan. Isaka ne ya raɗa wa liman sunan, shi ya riƙe ragon da hannunsa. Labo ya sa hannun riga ya goge ido, na kusa da shi ya tambaye shi ko lafiya, ya ce masa ya kula da goronsa.