Masu Mashin Baba Alwyn Ba Za Su Fita Tsirara Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, na dawo daga makaranta na ga labulen ɗakin aikinka a sauke. A bakin ƙofa mahaifiyata ta faɗa mini: Baba Alwyn Pettifer, maƙwabcinmu, ya rasu da hantsi a asibiti.

Ka san ni ba mai magana ba ce, Baba. Shi ya sa na rubuta.

Ina firamare lokacin da ka kama ni ina leƙen tagarka. Ba ka tambaye ni komai ba. Ka tura mini kujera, ka miƙo mini wani tsohon sojan dalma da bai kai ɗan yatsana ba, ka ce, “Bryony, wannan ya girmi uwarki, ki riƙe shi da ladabi.” Irinsu kake tsintowa a kasuwar gwanjo ta garin Newark, fentinsu duk ya kaɗe. Sai ka yanke musu bindiga, ka sa musu mashi na siririyar wayar ƙarfe, ka yi garkuwa da ƙusar manna takarda, alkyabba kuma da tsohon bututun man goge baki. Da haka ka tara rundunar Kartaj, tsohuwar daular da ta yaƙi Rumawa, har da giwayenta. Ranar da na shafa wa wani doki kore bisa kuskure ba ka yi faɗa ba, cewa ka yi ciyawa ce ta yi masa yawa.

Duk shekara bayan Ista kana kai rundunar zauren coci, ku gwabza wasan yaƙi a kan tebur da Rumawan dalma na abokinka Mista Desmond Hurst. Kana kiransa sarkin gudu, yana kiranka makiyayin giwaye. Sau da yawa ka ce in shigo. Kullum a bakin ƙofa nake tsayawa, in ji maza na dariya, in juya gida.

Bana hannunka ya soma rawa, sahun ƙarshe na masu mashi ya rage ba fenti. Dokar kulob ɗinku na wasan yaƙi kuwa, sojan da ba fenti ba ya hawa tebur, kuma in babu sahun nan rundunar ba ta cika ba. Ranar jana'iza, ana shan shayi a falonka, Mista Desmond ya ce don girmama ka za a ɗage dokar, a jera su haka nan.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “A'a, Mista Desmond. Baba bai taɓa fitar da sojansa tsirara ba. Ni zan ƙarasa su.”

 Mista Desmond ya daɗe yana kallona, idonsa ya yi ja, sannan ya ce, “To, 'yar makiyayi, ki zo da su. Amma kada ki sa ran Rumawa za su ji tausayinki.”

Inna Maureen, matarka, ta ba ni makullin ɗakin. Garkuwoyin sun bushe, yanzu alkyabbu nake yi. Layina bai kai naka miƙewa ba, amma ina gogewa in sake.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Inna Maureen, da ɗanku Gareth da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Ranar yaƙi ni zan ɗauko akwatin rundunarka, kuma wannan karon zan wuce bakin ƙofar.