Manomin da Ya Yi Shuka a Wuyan Jita

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka wayi gari a kasuwar Sheme ana cewa Ɗanliti ya auri aljana. Wai dogon wuya gare ta, ga siririn ƙugu, ba ta ci ba ta sha sai kuka, kuma har an sa ango a lalle, amma yatsu huɗu kaɗai dangin amarya suka yarda a ƙunsa masa. Kafin labarin ya kai Faskari an ce ta haifi 'yan shida. Ni na san ƙarya ce, domin rabin labarin daga bakina ya fita. Ɗanliti taubashina ne, ubansa wan uwata ne, in ban yi masa sharri ba wa zan yi wa?

Gaskiyar magana jita ce. Wani direban katafila, mutumin kudu, cikin masu aikin hanya, shi ya bar masa ita ranar da za su tashi, saboda Ɗanliti ya yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Lallen kuwa matarsa Safara'u ce ta ƙunsa masa, don wayoyin shida sun tsattsage masa kan yatsu.

Abin da ya sa ya nace shi ne ubansa, Kawu Rabo mai garaya. Daga Damari har Ƙanƙara, gayyar noman da ba a kira Kawu ba, to, ba ta cika gayya ba. Yana da wani taken manoma da ya gada wurin mahaifinsa, in ya kaɗa shi ko tsoho mai sanda sai ya waiga neman garma. Sai ciwo ya shanye masa hannun hagu. Ya rataye garaya, ya rufe baki, waƙa ko a maƙoshi ya daina. Ga rikoda ta shigo gari, samari sun ce garaya kayan tsofaffi ce. Ɗanliti ya ga taken zai bi tsoho kabari. Ya ce sai ya ɗora shi a kan jita, abin da samari ke tsayawa su saurara, kuma sai ubansa ya ji da kunnensa ya yarda cewa nasa ne.

Ita garaya wuyanta sumul yake, yatsa na yawo inda ya ga dama. Jita kuwa an gitta mata ƙananan ƙarafa a jere tun daga sama har ƙasa. Ɗanliti ya dube su ya ce ai wannan gona ce, ga kunyoyi nan an ja. To manomi ina yake shuka? Bisa kunya mana. Sai ya riƙa danna waya daidai kan ƙarfen. Wata guda cur jitar nan tana zizar da ko ƙudan zuma ya ji sai ya bar garin. Kajin unguwa sun daina ƙwai, wannan ni shaida ne. Ran nan gumi ya sa yatsansa ya zame ya faɗa cikin kwari, dab da bayan kunyar, sai murya ta fito tas kamar an wanke ta. Ya sake dannawa, ya ce, "Ashe ita a kwari ake yi mata shuka."

Daga nan ya sake tsari. Da an idar da asuba, kafin gona, sai ya zauna gindin tsamiyar ƙofar gidansu ya kama waya guda ɗaya tak, mako guda ba ya taɓa sauran. Sai ya fara rera muryar da bakinsa, sannan ya bi kwari-kwari yana nemanta, in ya same ta ya rufe ido ya sake komawa. Ta haka ya gano cewa a kunya ta goma sha biyu muryar farko ce ke dawowa, sai dai ta zama siririya, ya ce uwa ce da ɗiyarta. Ya gano kuma murya guda tana da gida biyu ko uku a wuyan, kamar ɗan kasuwa. Ni da na je kallo sau ɗaya, barci ya kwashe ni a tsaye.

Da damina ta zagayo ya ɗauki jita ya shiga zaure inda Kawu ke kishingiɗe bayan la'asar, ya kaɗa masa taken daga farko har ƙarshe. Kawu bai ko juyo ba.

"Wanga abu bai jin Hausa," in ji shi.

"Ina na kuskure, Baba?"

"Wurin da ake kiran sunan gona. Akwai wata murya nan, ka tsallake ta kamar kashin shanu."

Ɗanliti ya koma gindin tsamiya. Ya danna kwari na uku, muryar ta yi ƙasa. Ya danna na huɗu, ta wuce. Tana tsakani, inda maƙerin jita bai ja kunya ba. Na ba shi shawara ya kai ta maƙera a ƙara mata ƙarfe guda, ya ce in tashi in ba shi wuri. Aka yi girbi, aka yi sussuka, aka kai dawa rumbu, yana nan kan muryar nan. Safara'u ta ce har a gona in ya sunkuya ita yake rerawa. Sai wata safiya, yana danne da kwari na uku, ya ɗan tura wayar gefe kamar mai ɗana baka, muryar ta ɗaga kaɗan ta tsaya inda yake nema. Ya yi kwana arba'in yana turawa yana saki, har yatsan ya san iyakar da zai tsaya ba tare da an gaya masa ba.

Ranar da ya koma zaure ina nan. Ya kaɗa, ya zo wurin kiran sunan gona, ya tura wayar. Sai na ga babban yatsan ƙafar Kawu yana motsi a kan tabarma. Da aka kai ƙarshe tsohon ya gyara zama.

"Sake," ya ce.

Ɗanliti ya sake. A tsakiya Kawu ya buɗe baki ya ɗauki waƙar, murya duk ta dushe, amma kalma ko ɗaya bai manta ba. Samari uku da ke wucewa da rikodarsu suka kashe ta suka tsaya bakin zaure.

Da muka fito na ce masa, "Kai dai an yi jakin makaɗi. Kusan shekara guda kana neman murya ɗaya. Wallahi sai na rubuta duniya ta sani."

Ya saɓa jitarsa a kafaɗa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Rubuta. Ka haɗa da cewa Baba ya yi waƙa. Kai da ka shekara talatin kana zuba kamar kanya, wa ya taɓa ce maka sake?"