Matar da Ta Hana Inji Yin Ƙarya

Kowace safiya, kafin mai shayi ya hura gawayi a ƙofar gidan rediyonmu, kabu-kabu yakan sauke Madam Lidiya Ezekiyel. Takan wuce ɗakin watsa shiri, ta wuce biron darakta, ta shiga wani ɗan ɗaki a ƙurya, inda na'urar sanyi ɗaya tilo mai aiki a gidan take. Ba don ita aka sa ba, don injin da ke ɗakin ne. Takan ɗora tafin hannu ta ji zafin jikinsa, ta share masa ƙura, sannan ta zauna. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma yawancin masu saurarenmu daga Tawa har arewacin Adar ba su taɓa jin sunanta ba.

Injin nan, da ake kira sarbar, akwati ɗaya ne, amma a cikinsa akwai wasu ordinatoci, wato kwamfutoci, da hannu ba ya taɓawa: na ɗaukar murya, na watsa shiri, na aikin biro. Lidiya takan ce baƙi ne a gidan mai masauki. Baƙo ya miƙa kaya ya ce a ajiye masa. Maigida, don a ga yana da sauri, sai ya ce "an ajiye", alhali kayan na hannunsa. Yana riƙe da su a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda masu aikin ke kira kash, sai ya samu sarari ya rubuta su a faifai. Baƙon ma yana da nasa kash ɗin, da irin wannan hali. In wuta ta ɗauke a tsakani, abin da aka ce an ajiye ya tafi. Wutar Tawa kuwa ba ta sallama in za ta tafi, kuma batirin da ya kamata ya riƙe injin ya daɗe da tsufa.

Lidiya ta saita baƙi da maigida duka, kada kowa ya ce ya ajiye sai abu ya sauka a faifai. Sakamakon haka, in ka gama ɗaukar murya sai ka zauna kana kallon wani ɗan zobe yana juyawa a allo. Mu ƴan jarida, da ke iya jiran shayi ya dahu sau uku ba gunaguni, wannan jiran ne ya fi ƙarfinmu. Muka sa mata suna Madam Dakata.

Daraktanmu, Malam Ma'azu, ya taɓa dawowa daga wani taro a Yamai da sabon ilimi.

"Madam, can na ga ana taɓa maɓalli, abu ya wuce nan take. Mi ya hana namu?"

"Namu ma zai iya, darakta. Layi guda zan canza a saitinsa."

"To canza mana!"

"Zai ce muku ya ajiye tun bai ajiye ba."

"Amma da sauri zai faɗa?"

"Da sauri ƙwarai."

Darakta ya yi tunani, ya ce za a kafa kwamiti. Kwamitin bai zauna ba har yau, kuma ina lissafa wannan cikin manyan nasarorin gidanmu.

Bara, ranar wata Lahadi ta kasuwar Tawa, wani dattijo mai suna Illa ya zo daga wajen Takanamat cigiyar raƙumarsa. Ita ce ke jan masa ruwa a rijiya, ita ce nonon gidansa. Zeinabou, mai karanta sanarwa, ta zaunar da shi gaban makirfo. Ya faɗi kamanninta da shaidar wuyanta da Hausa, ya sake faɗa da Tamashek saboda makiyayan arewa. Da ya gama, zoben ya fara juyawa.

"Ɗiyata, motarmu na shirin tashi. Ya shiga?"

"Baba, haƙuri. Injin Madam Dakata ne, sai ya ga dama."

Allo ya ce an ajiye. Illa ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha, ba waya gare shi ba, ba lamba. Bai kai bakin titi ba wuta ta ɗauke, sarbar ya mutu. Zeinabou ba ta jin Tamashek, ba ta riƙe shaidar raƙumar ba. Lidiya kuwa tana majami'a. Da aka tada janareta, muryar dattijon na nan, har da tarin da ya yi a tsakiya. Aka yi ta watsawa, har wani makiyayi ya gane raƙumar a wata rijiya kusa da Kalfu. Labari ya kai wa Illa, ya karɓo abarsa, ya dawo da cuku cikin zane ya ba Zeinabou, ya sa wa darakta albarka. Bai san akwai ɗakin ƙurya ba.

Ke ce, Lidiya, wadda ta yarda a yi ta zaginta kullum don kada a yi asara ranar da ba ta nan. Aikinki in ya yi kyau ba abin da ke faruwa, kuma ba a ba da lambar yabo don abin da bai faru ba. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Abokin aikinmu Ɗahiru ne zai gaje ta, kuma tuni an fara lallashinsa ya canza layin nan. Ɗahiru, za su sa maka suna, za su kai ƙararka. Ka jure. Duk mai cewa mutane "an yi", a biro ko asibiti ko gareji, ya koyi jira har sai an yi ɗin. Wani dattijo yana hanya, kuma in ya juya ya nufi tasha, ba mai sake ganinsa a tambaye shi.