Gurbin Mai Gona Guda Ɗaya Ne

Gonar ranin gidanmu ba ta da mai ita. Haka na taso na tarar, kuma ban taɓa ganin abin ya dami kowa ba sai ranin da ya wuce, lokacin da wata malama ta zo da kwamfuta ta zauna a gindin darbejiyar ofishin ƙungiyar manoma, tana neman a faɗa mata suna guda ɗaya.

Mu gandu muke yi. Tun da kakanmu ya rasu, Baffa da Baba ba su raba ko fartanya ba. Baffa ne babba, Baba ke bi masa. Tare suke noma gonar da ke bakin kanal ɗin da ke kawo ruwa daga Watari, tare ake sayar da tumatir, abin da aka samu ya ciyar da gidan gaba ɗaya. Gidan kuwa ba ƙarami ba ne. In aka buɗe zaure da safe yara suka fara fitowa, sai ka rantse firamare aka tasa. Idan baƙo ya tambayi Baba gonar wa ce, sai ya ce ta Malam ce, don haka yake kiran Baffa. In Baffa aka tambaya, sai ya nuna Baba da haɓa ya ce ga mai wahalarta can.

Bayan sallar Juma'a aka yi sanarwa cewa daga bana ba za a buɗe wa kowace gona ruwa ba sai wadda aka shigar a kwamfuta, kuma ranar ruwan kowa ta waya za a riƙa turo masa. Ni ce mai karanta wa Baba saƙon waya, saboda ya ce rubutun cikinta ƙafar tururuwa ne, shi ya sa ya tafi da ni ranar rajista. Na sa hijabina mai kyau, na bi bayansu shi da Baffa, ina jin kaina kamar sakatariyar gwamna.

Layi ya kai har bakin titi. Da aka zo kanmu, malamar ta gaishe su cikin ladabi, ta tambayi lambar gonar, ta danna. Sai ga gonarmu a fuskar kwamfuta an ɗauko ta daga sama, har da bishiyar mangwaron da nake sata a kai. Na matso na duba ko ni ma ina ciki.

"Baba, sunan mai gona," in ji ta.

Baba ya ja da baya taku ɗaya. "Malam, bismilla."

"A'a, kai dai," in ji Baffa. "Kai kake kwana a cikinta, kai kake tashi a cikinta."

"Ina ni ina shiga gabanka? Haba Malam."

"To ni in sa sunana, gobe a ce da ƙanina ya juya baya na cinye masa gado?"

"Wa zai ce?"

"Garin nan wa ba zai ce ba?"

Suka yi ta miƙa wa juna kamar ragowar nama a kwano. Mutanen layi suka fara gyaran murya. Shugaban ƙungiya, wani Alhaji mai son a gama kafin la'asar, ya sunkuyo ya ce, "Malama, ki sa su biyun mana, ai ba faɗa."

"Gurbi ɗaya ne, Alhaji. Mutum ɗaya, katinsa ɗaya, yatsansa ɗaya."

"To buɗe wani gurbin."

"Ba ni na gina shi ba. Ni ma shiga kawai aka ba ni."

A nan bakina ya kasa haƙuri. Na ce, "Anti, ba a cikin kwamfutarki yake ba?"

Ta ce a'a. Ta ce wannan ta gabanta taga ce kawai. Ainihin rumbun bayanan, inda ake tara sunan kowa da gonarsa, yana cikin wasu manyan injina a wata ƙasa can bayan teku, kamfanin da ya yi aikin ma haya yake yi a cikinsu, shi ne abin da ake ce wa gajimare. Kuma ba wuri ɗaya ake ajiyewa ba, duk abin da ya shiga sai an kwafe shi a wani wurin, don ko wancan ginin ya ƙone wannan ya ci gaba.

"To yanzu in wani ya jefa wannan a kanal fa?" na tambaya. Wallahi tambaya ce kawai.

"Sai a ba ni wata, in buɗe, in tarar da komai yadda na bar shi."

Baba ya harare ni, amma na ga shi ma amsar ba ta yi masa daɗi ba. Mu a garinmu duk abin da ya rikice akwai inda ake zuwa. A je gidan mai unguwa, a tube takalmi, a gaisa, a tambayi iyali, a yi ta zagaye har maganar ta yi laushi. Wannan abin kuwa ba shi da zaure. Ba wanda ya san ƙofarsa balle a je a durƙusa.

Sai dabara ta zo mini. Na ce a sa sunan kakanmu, tunda dai asali tasa ce. Fuskar Baffa ta washe, Baba ya ce yarinyar nan wani lokacin tana da amfani. Na faɗi sunan da ƙarfi, malamar ta rubuta, sannan ta turo wani ɗan akwati mai jar wuta a gilashinsa.

"Ya zo ya dangwala."

Jar wutar tana ta ƙiftawa tana jira.

"Ya riga mu gidan gaskiya," in ji Baffa a hankali.

"Allah ya jiƙansa da rahama," ta ce, ta goge. Da na tambaye ta ko ya tafi ke nan, sai ta ce daga gabanta ya tafi, amma can ciki an rubuta cewa an taɓa sa shi an cire, don abin ba ya zubar da komai. A hanyar gida ban yi surutu ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni. Ina ta tunanin tsohon nan da ko Kano bai cika son zuwa ba, ga sunansa can a ƙasar da ba a jin Hausa, cikin ɗaki mai sanyi, shi kaɗai.

Irin tumatir kuwa bai san ana wannan ba. Ya isa dashe, ya wuce. Ya yi tsawo ya rame, ya fara kwantawa a kan juna. Mu yara muka koma jan ruwa daga rijiya muna kai masa a bokiti, har na ji hannuna ya ƙaru da kamu guda. Maƙwabta sun yi dashe, fangalinsu ya yi baƙi da danshi, namu yana tsagewa. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Har yanzu?" Baba ya ce, "Ana kai."

Ba a kan komai ake ba. Duk ranar da aka shirya komawa wajen malamar, sai Baffa ya tuna yana da ta'aziyya a Makoda. A lissafina, cikin ɗan lokacin nan ya binne rabin garin. In Baffa yana gida kuma, sai ciwon baya ya kama Baba, ya kwanta a tabarma yana nishi. Liman ya zo ya yi musu nasiha, kowa ya ce gaskiya ne Malam, kowa ya ce ɗan'uwansa ya je.

Inna ce ta faɗa mini abin da maza ba sa faɗa. Muna tankaɗe, ta rage murya ta ce, "Ke kina ganin kara ce kawai? Su biyun ba za su cuci juna ba har su mutu. Amma in sun mutu fa? Wanda aka rubuta, 'ya'yansa za su buɗe su gani." Ta kalli ɓangaren su Baffa, inda matarsa take shanya, ta ɗaga murya ta ce, "Sannu da aiki, Yaya." Can aka amsa da fara'a. Ban taɓa jin gaisuwa ta ba ni tsoro ba sai ran nan.

Ranar da za a rufe rajista, Baffa ya tafi ta'aziyyarsa. Baba ya sa babbar riga ya ce in zo mu je. Na ɗauka ya haƙura zai dangwala, ashe roƙo zai je a ƙara mana lokaci. Malamar ta saurare shi har ya gama, ta ce ba ita ke rufewa ba, lokaci na cika abin zai kulle kansa, ko ita ba zai bari ta shiga ba. Sannan ta danna lambar gonarmu, ta tsaya.

"Ai taku an cike, Baba. Da safen nan."

Ta juyo mana da fuskar kwamfutar. Hoton Yaya ne, babban ɗan Baffa, wanda ke acaɓa. Ya zaro ido kamar wanda aka kama a rumbun wani, hular ma a karkace. A ƙarƙashin hoton ga sunansa, ga lambar wayarsa, a gurbin mai gona. Dariya ta taso mini saboda hular, na kalli Baba, ta koma ciki da kanta.

Da yamma aka zauna a zaure. Ni ina bayan ƙofa da tsintsiya, ina share wuri ɗaya har ya kusa zama rijiya. Yaya yana durƙushe.

"Uban wa ya aike ka?" in ji Baffa.

"Ba kowa, Baba. Irin nan mutuwa yake yi. Na je in sa sunanka aka ce sai da yatsanka, na je in sa na Baba ƙarami aka ce sai da nasa. Alhaji ya shaida ni ɗan gidan ne. Na ce to bari in riƙe muku kafin a rufe."

"Ka riƙe mana. Gonar ubana ce ka riƙe mana kamar akuya?"

"Wallahi ba da wata manufa ba."

Ni dai na yarda da shi a lokacin. Har yanzu ma ina jin rabi na yarda.

Washegari Baffa ya tasa shi a gaba har gindin darbejiya, Baba da ni muna biye, ya ce a goge. Malamar ta ce ba a gogewa. Abin da za a iya, shi mai gonar ya dangwala ya miƙa wa wani, mutum ɗaya, kuma za a rubuta cewa wane ne ya ba wane.

"Wato a rubuta cewa yaron nan ne ya ba ni gonar ubana," in ji Baffa.

"Haka zai nuna, Baba."

"Har yaushe?"

Ta ce ita dai ba ta san ranar da yake mantuwa ba.

Baffa ya juyo. "To kai karɓi."

Baba ya daɗe yana kallon jar wutar nan. "A bar shi, Malam," ya ce. "Ruwa muke nema, an samu."

Ruwa ya zo. Muka yi dashe, rabin irin ya tashi, rabi ya tafi. Saƙon ranar ruwa wayar Yaya yake shiga, don haka aikina na karatu ya ƙare, aka ba ni sabo. Baba zai ce, "Je ki tambayi yayanki yaushe ne." In je in same shi yana wanke babur, ya ce bari ya duba, wani lokacin ya ce caji ya ƙare, in dawo anjima. In koma in faɗa wa Baba, shi kuma ya zauna a bakin zaure da fartanya a gefensa yana jiran anjima. Da takin ƙungiya ya iso, Yaya aka kira ya dangwala ya ɗauko. Da dillalin tumatir ya zo ganin gona, ya gaida Baffa, ya gaida Baba, ya tambaya ina mai gonar. Yaya ya ce ai su ne iyayen. Amma ya tsaya aka yi cinikin da shi, kuma ya sa baki sau biyu.

Ba wanda ya yi faɗa. Da ma an yi, da na ji daɗi, don faɗa yana da ƙarshe. Baba da Baffa suna tafiya masallaci tare, suna dawowa tare, hirar ce ta koma ta farashin man fetur da lafiyar mutanen da ba su dame su ba.

Bayan an kwashe tumatir na ƙarshe, wata safiya Inna ta kira ni bayan ɗakinmu. Ta share wani ɗan fili tsakanin katanga da turken awaki, ta yayyafa masa ruwa.

"Je ki bakin kanal ki samo mini duwatsu uku," ta ce. "Masu girma ɗaya, waɗanda tukunya za ta zauna a kai."

"Inna, murhun tsakar gida fa?"

"Yana nan."

"Baba ya sani?"

"Shi ya ce a nan hayaƙi ba zai dami kowa ba. Ki bi ta ƙofar baya."

Na ɗauki buhu na fita ta baya.