Yau Maman Sadiya ba ta sauka a tudu ba

Muna isowa tudun nan na hanyar Gwada, uwargida Maman Sadiya ta fara tattara zani. Duk ranar da muka sayo doya, da ƙafa take hawansa, tsohon babur ɗina yana tari a gaba. Ta rantse in ya sake, 'yan gwangwan za ta kira masa.

Ban gaya mata bakanike ya faɗaɗa injin ya sa babban fistin ba.

"Malam, tsaya in sauka kafin ya kunyata mu."

"Zauna, Hajiya. Riƙe doyarki."

Muka haye, ko tari bai yi ba. Sai a ƙofar gida ta yi magana: "Da mun sani mun ƙaro doya."

Masu cewa in sayar da babur ɗin, ina sauraronku.