Gwaggo Asabe da Zaman Shirunta

Kun dai san Gwaggo Asabe. Da an sallame la'asar za ta ja kujerar roba ƙarƙashin mangwaron gidanta a Tungan Maje, ta rufe ido minti ashirin cif. Ba barci ba, ba lazimi ba. "Zaman shiru" take kiransa. Wata rana ina jiran ta gama, akuyarta ta kama hulata.

"Gwaggo! Tana cinye min hula!"

Ko motsi. Da lokaci ya cika ta buɗe ido: "Na ji ihunka. Na lura da shi, na bar shi ya wuce."

Da likita ya ce jinina ya hau, sai na je wajen wani mutum a unguwar Gudu mai hifnosis, wato ya yi ta lallaɓa ka da murya har jikinka ya saki. Na zo mata ina taƙama: "Gwaggo, irin naki ne, amma nawa express!"

"Kai, Habibu! Ni ina gadin gidana ido biyu, kai ka miƙa wa baƙo makulli."

Shekara talatin ta yi a ɗakin gwaje-gwaje a Sheda, ba ta musu da baki. Ta zaro abin awon jini daga jaka, ta ɗaura min. Na kunna muryar mutumin a waya. Wallahi daɗi! Jini ya sauka. Ashe a tsakiya ta raɗa min, "Gobe za ka kai ni kasuwar Zuba." Wai cewa na yi, "To, ranki ya daɗe," har da murmushi.

Sai na gwada zaman nata. Minti uku ban cika ba na tuna tsire, na tuna ogana, na ƙarasa a raina rigimar da muka yi da wani direba bara. Jini ya haura!

"Ka gani?" in ji ta. "Can kana bin muryar wani. Nan kana sauraron kanka, kuma kanka tashar mota ce."

"To wanne ya fi dacewa da ni?"

"Kai? Rage gishiri."

Na kai ta Zuban kuwa. Har yau ban san ko hifnosis ne ko tsoro ba.

A ciwonta na ƙarshe na shiga ɗakin asibiti na tarar da ita ido a rufe, ba motsi. Na fasa salati, na kira yayata Binta ina kuka. Sai ta buɗe ido ɗaya: "Saura minti huɗu."

Bayan kwana shida ta rasu, hannunta cikin nawa, tana ce min kada in ji tsoro. Ita ke tafiya, ni take lallashi.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta. Mu kuma Ya ba mu ko kaɗan daga nutsuwarta. Amin.