Akwatin Hernán

Nibaldo ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙin bas a birnin Concepción, kuma taurin kansa ya fi na tsohon injin da ya tuƙa. Da sanyin watan Yuli, lokacin hunturu a ƙasarsu, ya kankama, ya ce wa maƙwabta zai je hutu bakin teku shi kaɗai. Hutu, a ƙauyen masunta da iska ke kwashe kwanon rufi! Kowa ya san can ne teku ta cinye ɗansa Hernán bara, ba a ga ko takalminsa ba. Aka dai yi masa a sauka lafiya.

A ƙauyen, in teku ta hana gawa, kayan mutum ake sakawa a ɗan akwati, a binne a kan tudu. Yasna, matar Hernán, ta ƙi yi sai da hannun uban. Shi kuwa amsarsa ɗaya: ba a binne mai rai. Duk shekarar nan ko wayarta ba ya ɗauka. Da ya iso ƙauyen ya kama ɗaki a masauki, bai je gidanta ba, don tsoron idonta yake ji.

Da rana hadari ya haɗo, aka kaɗa ƙararrawa: akwai jirgin masunta da bai dawo ba. Mata suka yi cirko-cirko a bakin ruwa. Nibaldo ya hango Yasna can kan duwatsu, gaba da kowa, igiyar ruwa na dukanta har gwiwa.

"Duk hadari haka take," in ji wata tsohuwa kusa da shi. "Wata rana ruwan zai tafi da ita, mu huta da kallo."

Ya hau duwatsun da rarrafe, santsi na kwasar ƙafarsa, ya damƙi hannunta.

"Ke, kin haukace ne? Sauko!"

"Au, Baba, an zo hutu?" Ko juyowa ba ta yi ba.

"Yasna, don Allah sauko."

Wata igiya ta zo ta durƙusar da su duka biyu. Ya riƙe ta, ruwan gishiri na cika masa baki. Sai ihu ya tashi daga ƙasa: jirgin ya shigo. Mata suka ruga, kowace ta rungume nata. Su biyu aka bari a kan dutse, ba wanda ya sauko daga jirgin dominsu.

"Baba, kowace gwauruwa a garin nan tana da kabarin da za ta kai fure," ta ce, haƙoranta na kaɗawa. "Ni ka hana ni. To ina kake so in tsaya?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Sannan ya ɗaga ta tsaye.

"'Yata, ina ne gidan kafinta?"